Sandar Labbo

Litinin, 6 ga Mayu, bayan la'asar

Takarda ta zo yau. Gasar makarantun firamare ta shiyya, a Isa, Asabar ɗaya ga Yuni in Allah ya kai mu. Shekara huɗu ke nan ba a yi ta ba, kowa ya san dalili. Sau uku na karanta ta a ofishin hedimasta, sannan na fito baranda ina murmushi ni kaɗai.

Littafin nan na saye shi ne don rubuta lokacin gudun yara. Amma tunda matata Sa'adiyya ta ce maganar gudu ta ishe ta, ko da tuwo ba ta son a haɗa mata, bari in riƙa zuba sauran a nan.

Ƙwallo ba za mu je ba. Yaran da na horar sun watse, wasu Sakkwato, wasu Maraɗi. Abin da ya rage wa malamin wasanni shi ne gudun miƙa sanda: yara huɗu 'yan aji shida, kowa mita ɗari, sanda ɗaya. Fatihu ke tashi da ita ya ba Abbas, Abbas ya ba Kamalu, Kamalu ya ba Labbo, Labbo ya kai ta ƙarshe.

Is'haƙa ya same ni a barandar. Shi ne mataimakin hedimasta, kuma taubashina ne, ɗan kawuna. Tun muna yara ba mu taɓa yin magana biyu a jere ba tsiya a ciki ba.

"Halliru," in ji shi, "kai da ko akuya tab biyo ka ba ka tsira, kai ka kai yara gudu Isa?"

Na ce, "Da tumbin ga naka ai kai za mu aje ƙarshen hili, yara su san inda za su tsaya."

"Bari dai ka gani. Ɗan Hillanin ga naka za ni sake maka shi da mai ƙwari."

Labbo yake nufi. Na ce ya fara sake tumbinsa. Muka yi dariya har hedimasta ya leƙo.

Laraba, 8 ga Mayu, lokacin tara

Sanda ba ta faɗi ba yau, ko sau ɗaya. Daƙiƙa sittin da ɗaya.

Ina so in rubuta labarin Kamalu don kar in manta yadda aka fara. Bara suka zo daga Unguwar Lalle, shi da uwarsa da ƙannensa biyu, ba uban. Ba a tambayarsa, ni ma ban tambaya ba. Wata biyu ya yi a aji ba wanda ya ji muryarsa. Na ga yana da ƙafa sai na ja shi fili. Ranar farko da na sa shi ya miƙa wa Labbo, ya taho da gudu, ya iso, ya jefar da sandar a ƙasa. Ya ce shi ba ya taɓa hannun Bafillace. Labbo ya sunkuya ya ɗauka ya ci gaba da gudunsa.

Mako uku ana haka. Ban doke shi ba, ban yi masa wa'azi ba, ban iya wa'azi ba ma. Agogo kawai nake nuna musu bayan kowane zagaye: ga abin da kuka yi, ga abin da jifan sanda ya ci muku. Fatihu da Abbas ne suka gaji. Su ke kashe kansu a farko, wani ya zubar musu da wahala a ƙasa. Su suka tasa shi gaba da mita, ba ni ba. Ranar da ya sa ta a tafin Labbo suka rage daƙiƙa uku, kuma na ji wani yana kururuwa, "Labbo, tahi! Tahi!" Sai da na waiwaya na tabbatar Kamalu ne.

Yanzu ƙulinsu ɗaya, ruwansu ɗaya. Wannan nake gaya wa masu cewa wasa ɓata lokaci ne. Yaron da ke cikin huɗun nan ba ya fashin makaranta, don ya san in bai zo ba mutum uku sun tashi a banza. Kuma mai karɓar sanda ba ya waiwaye. Hannu yake miƙawa baya yana gudu, ya yarda cewa na bayansa zai sa masa. A garin nan yanzu, a nuna mini wani wurin da ake koya wa yaro haka.

Asabar, 11 ga Mayu, bayan azahar

Na je rugar su Labbo da hantsi, tafiyar rabin sa'a a ƙasa. Bukkoki sun ragu. Baffa Jibrilla, uban Labbo, ya shimfiɗa mini buzu, uwarsa Hajo ta aiko da fura da nono cike da ƙwarya. Na sha har na ji kunya.

Abin da nake tsoro shi ya faɗa. 'Yan'uwansa za su ƙetara Nijar in ruwa ya zauna, shi ma zai bi su. Shanunsa ma ai an kora bara, saura 'yan kaɗan. Ya ce daji ba nasu ba ne yanzu, gari kuma in ya shigo sayen gishiri idanu ke raka shi har ya fita.

Na roƙe shi ya bar mini Labbo. Ya zauna gidana, ya shiga sakandare. Yaron yana da kai, ba ƙafa kaɗai ba.

Ya dube ni. Sannan ya ce, "Malam, in na bar shi, ɗan wa za shi zama?"

Na ce, "Ɗan makaranta, Baffa, awa kowa."

Ya tashi ya shiga bukka, ya fito da wata 'yar siririyar sanda da ta yi santsi don riƙo. Labbo ya riga ya gaya masa cewa da guntun bututun roba muke horo, kuma takarda ta ce kowace makaranta ta zo da sandarta. Ya tambaye ni tsawon, na nuna masa taƙi ɗaya da ɗan ƙari. Ya sa wuƙa ya yanke, ya kankare bakin.

"Da ita yaf fara bin shanu," ya ce. "In kunka tahi Isa da shi, yar riƙe ta gaban mutane, anka kira sunanai, to na san naku na. Sai in bar maka shi."

Na karɓa da hannu biyu. Na ce wallahi sai ya riƙe ta a Isa. Alkawari kaya ne, na sani, amma wannan ban ji nauyinsa ba ko kaɗan a hanyar dawowa.

Talata, 14 ga Mayu, azahar

An tashi yara kafin sha ɗaya. 'Yan bindiga ne kuma a hanya. Ba za ni rubuta ba.

Laraba, 15 ga Mayu, da safe

Ba makaranta. Waya ba ta shiga. Mutum biyu daga unguwarmu ba su dawo ba.

Litinin, 20 ga Mayu, bayan tashi

An koma. Ko rabin yara ba su zo ba. Aji uku da aji huɗu 'yan gudun hijira ne a ciki da tabarminsu da tukwanensu, mun tattara yaran ƙarƙashin dogon yaro. Amma huɗuna sun zo, har sun riga ni fili. Na hango su suna miƙe jiki.

Wani uba ya tsaya bakin ƙofa yana magana da ƙarfi, yana nuna inda Labbo yake. Ban ji duka ba, ban kuma so in ji ba. Is'haƙa ya ja shi gefe ya lallashe shi. Ya iya wannan, bakinsa kamar an shafa zuma.

Daga baya ya kawo mini fom huɗu na gasa. Kowane da suna da shekaru da aji, da gurbin hoto, da wurin sa hannun malamin wasanni a ƙasa. Mai hoto ya ɗauki yaran tun makon jiya amma bai wanke ba, ya rufe shago tun ranar Talata. Is'haƙa zai bi rakiyar sojoji zuwa Isa gobe ya kai takardun. Ya ce in sa hannu, shi zai biya gidan mai hoton ya karɓa ya manna. Haka muke yi kullum, ko fom ɗin jarrabawa haka ake yi. Na sa hannu huɗu a kan gwiwata.

Yana naɗe su ya ce, "Ka sa hannu ke nan, yaro. Yanzu ko hoton kakata nil liƙa wurin ɗan Hillanin ga, kai ka da shi."

Na ce kakarsa ai kakata ce, kuma ta fi shi gudu har a kabari. Allah ya jiƙanta.

Laraba, 22 ga Mayu, lokacin tara

Hamsin da tara. Sanda ba ta faɗi ba.

Alhamis, 23 ga Mayu, gab da magariba

Na manta agogona a ofis, na koma da yamma. Na tarar da Is'haƙa a fili da wani yaro da ban sani ba, yana sa shi gudu daga turken raga zuwa katanga. Yaro na ce don girmamawa. Ƙwaurinsa da gashi, haɓarsa an aske ta kwanan nan. Is'haƙa ya ce ƙanen matarsa ne daga Turba, ya zo kwana biyu, zaman gida ya dame shi.

Na gaya wa Sa'adiyya don ta yi dariya. Ba ta yi ba. Tana tankaɗe ta ce, "Malam, yaushe Is'haƙa yaf fara son gudu?"

Na ce ba ta san wasan taubasai ba ne.

Ta ce, "Na sani. Taubashi ma mutum na."

Na ji haushinta. Mace ta zauna cikin gida tana karanta zuciyar mutumin da muka sha nono kusan ɗaya.

Asabar, 25 ga Mayu, da hantsi

An yi ruwan farko jiya. Fili ya yi daɗin taku. Hamsin da takwas.

Talata, 28 ga Mayu, bayan tashi

Riguna sun zo daga tela, kore da fari, Is'haƙa ya yi ɗawainiyar. Uku sun zauna daidai. Ta huɗu da Labbo ya sa sai ta sauko masa har gwiwa, hannun ya rufe masa gwiwar hannu. Yara suka faɗi ƙasa don dariya, Kamalu yana ce masa liman. Shi ma Labbo dariyar yake, yana juyi.

Is'haƙa ya ce, "Ba tashi ta ba, shi ya sa. Na hwaɗa maka."

Na ce tela ne ya auna da tumbinsa. Ya karɓi rigar ya ce zai kai a rage.

Labbo ya biyo ni har ƙofa. Ya tambaye ni ko a gidana akwai wurin ɗaure 'yar akuyarsa in ya dawo da zama. Na ce har saniya.

Juma'a, 31 ga Mayu, bayan sallar Juma'a

Gobe ne. Mota za ta tashi bakwai daidai, don ta samu rakiya. Ban samu sallamar yara da kaina ba, na tafi gaisuwar rasuwa, na bar Is'haƙa ya gaya musu lokaci. Sandar tana jakata. Na shafa mata man gyaɗa kaɗan, sannan na tuna za ta yi santsi, na goge da toka.

Asabar, 1 ga Yuni, bayan magariba

Mun je. Mun dawo.

Lahadi, 2 ga Yuni, da hantsi

Ban fita ba. Sa'adiyya ta ajiye koko ta ɗauke shi da sanyinsa. Ba ta ce ai na gaya maka ba. Da ma ta faɗa.

Da ɗan gari akan ci gari. Wancan mutumin, ba za ni rubuta sunansa ba yau.

Na iso tasha bakwai saura kwata na tarar da ƙanen matarsa ɗin nan zaune cikin mota, sanye da riga ta huɗu. Ba a rage ta ba. Ta zauna masa cif. Wancan ya ja ni bayan mota ya buɗe mini fom. Suna: Labbo Jibrilla. Shekaru: sha biyu. Hoto: mai askakkiyar haɓa. Hatimin ofishin Isa a kai. A ƙasa kuma hannuna, nawa, wanda na sa a kan gwiwata.

Ya ce in na tada magana ni za a fara kamawa, tunda ni na sa hannu, kuma a hana makaranta gasa shekara uku. Ya ce ya riga ya gaya wa yaran cewa uban Labbo ne ya hana shi zuwa. Ya kuma ce wa Labbo mota sai takwas.

Shekara arba'in. Ni na ɗauke shi a baya ranar da kunama ta harbe shi a gonar kawu. Ni na yi masa babban aboki.

Litinin, 3 ga Yuni, bayan tashi

Hedimasta ya tara makaranta. Ya ce wani yaro ya zubar mana da mutunci a gaban shiyya duka, muna kan gaba ya watsar da kofi da gangan. Ya kira Kamalu ya fito. Ya miƙo mini bulala, wai ɗan wasana ne. Na ce hannuna na ciwo. Abin da na iya faɗa ke nan gaban yara ɗari biyu: hannuna na ciwo.

Aka yanke masa sharar fili mako guda. Da aka tashi na ga Fatihu da Abbas sun ɗauko tsintsiya sun bi shi. Ba wanda ya sa su.

Kujerar Labbo ba kowa.

Talata, 4 ga Yuni, lokacin tara

Na rutsa shi a ofis, na rufe ƙofa. Na ce, "Is'haƙa, mi nim maka?"

Ko gezau. Ya ce, "Halliru, sau nawa nih hwaɗa maka? Sau ukku. Kana dariya."

"Wasa kaka yi."

"Kai kac ce wasa na. Ni ban ce ba."

Gaskiya ce, ya faɗa, da bakinsa, a gabana. Ya san duk abin da ya fito daga bakin taubashi ba za ni auna shi ba, sai ya bi ta nan ya wuce.

Ya ce shingen 'yan sa-kai nawa ne tsakanin nan da Isa? In sun sauke yaron daga mota, ni za ni fita in karɓo shi? Ya ce iyaye uku sun same shi har gida bayan abin ranar Talata, sun ce 'ya'yansu ba su shiga mota ɗaya da shi. Ya ce ya cece ni ne, ya ceci yaron.

Na ce to, in tsoro ne, me ya hana ka gaya mini a fili mu ɗauki wani ɗanmu na aji shida? Me ya kai ka ɗauko ƙato daga Turba? Me ya sa da sunansa?

Ya ce, "Sunanai na cikin rajista, shekarunai daidai. Kuma kohi muka so."

Wato sunan yaron yana da amfani, yaron ne ba shi da shi. Kowa kuma ya san hedimasta zai yi ritaya ƙarshen shekara, ya san wanda ke son a ga kofi a kan teburinsa.

Da za ni fita ya ce, "Taubashi, kar ka ɗauke ta da zahi." Na ce kar ya ƙara kirana da wannan sunan.

Laraba, 5 ga Yuni, bayan la'asar

Bari in rubuta na Isa, ko na samu ya bar ni.

Filin an zagaye shi da igiya, mutane maƙil a bayanta. Aka kira makarantarmu a lasifika, suna ɗaya-ɗaya, kowa ya ɗaga hannu. Da aka ce Labbo Jibrilla, ƙaton ya ɗaga. Na ga Kamalu ya dube shi, ya dube ni. Na sunkuyar da kai ina gyara agogo.

Fatihu ya tashi kamar an harba shi. Abbas ya karɓa lafiya. Da ta iso hannun Kamalu muna gaba da kusan taku biyar. Ya zagayo kwana. Ƙaton ya fara tafiya, hannu a baya.

A daidai nan, bayan igiya, akwai wani dattijo da malfa, da yaro a gabansa. Sun biyo motar kaya ta bayan rakiya. Daga baya na ji an sauke su sau biyu a hanya, an bincike su, an bar su sun hau.

Kamalu ya gan su. Ya bar layinsa, ya ratsa ta gaban yaran wasu makarantu, ya nufi igiya. Mutane suka ɗauki ihu da dariya, suna cewa yaro ya ɓata. Bai jefa ba. A tafin hannu ya sa masa, yadda na koya musu, ya danna sai da Labbo ya damƙe.

Labbo bai yi gudu ba, ina zai je. Ya tsaya riƙe da ita. Baffa Jibrilla ya dube ni daga can, ya dafa kafaɗar ɗansa, suka juya.

Ƙaton yana nan tsaye a layi da hannu a baya har aka gama tseren.

Alhamis, 6 ga Yuni, da safe

Kujerar ba kowa. Na bar gurbinsa a rajista ban sa komai ba.

Juma'a, 7 ga Yuni, da safe

Ba kowa.

Asabar, 8 ga Yuni, bayan azahar

Na je ruga. An kwance bukkoki, an ɗaure kara da tabarmi, jakuna biyu a tsaye. Baffa Jibrilla ya amsa sallamata, ya tambayi iyali ɗaya-ɗaya. Bai shimfiɗa buzu ba, an riga an naɗe shi. Ban ga Labbo ba, an ce ya yi gaba da dabbobi.

Na zayyana masa komai. Fom, hoto, riga, ƙarya ta ƙarfe takwas. Na ce an ci amanata, Baffa, ɗan'uwana na jini ya ci amanata. Ya saurare ni har na gama, bai katse ni ba.

Sannan ya ce, "Malam, ni ban san Is'haƙa ba. Bai sha nonon gidana ba. Ba shi nib ba sanda ba."



Ya ce, "Yaro bai iya jiran takwas ba. Tun bakwai muna bakin tasha. Ya ce kai ka zaune gaba, kusa da direba."

To. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mako guda ina cika littafin nan da sunan wani, bari in rubuta nawa.

Mota ta fara tafiya. Yara suna baya suna waƙa, ba su ga komai ba. Ni na gan shi a madubin gefe. Ya fito daga kwanar masu shayi, ya ga motar, ya saki takalmansa ya biyo mu. Hannu ɗaya a sama. Ya bi mu har gidan mai, har ya wuce gidan mai. Ban taɓa ganin ya yi gudu irin wannan ba, kuma Allah ya gafarta mini, abin da ya fara zuwa kaina shi ne da na danna agogo. Direba ya ce, "Malam, naku na? In tsaya?" Is'haƙa yana bayana. Ba shi aka tambaya ba.

Na tuna hannuna a ƙasan fom. Na ce, "Mu tahi, kar rakiya ta bar mu."

Baffa bai zage ni ba. Ya ce Allah ya saka mini da alherin karatun da na ba ɗansa. Ya ce gobe da asuba za su ɗaga. Na ce ko zai bar ni in ga yaron. Ya ce rana ta yi, gara in kama hanya tun da sauran mutane bisa ta.

Litinin, 10 ga Yuni, bayan tashi

Na kira rajista. Da na iso sunan na tsallake, yara suka lura.

Bayan an tashi na hango su ukun a fili, ba wanda ya kira su. Fatihu ya ba Abbas, Abbas ya ba Kamalu, Kamalu ya ƙarasa mita ɗarinsa ya ci gaba ya yi ta huɗun shi kaɗai. Na matsa kusa. Ba bututun roba ba ne a hannunsa. Na gane santsinta tun daga nesa.

Na ce, "Kamalu, ina kas samo ta?"

Ya ce Labbo ya biyo ta wurinsu ranar Asabar da yamma, ya bar masa.

Na miƙa hannu. Na ce, "Ya ce ka kawo min?"

Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, ya mayar da sandar bayansa.

"A'a, Malam. Cewa yay yi in riƙe, kar in ba ka."

Na janye hannuna na sa a aljihu. Suka koma layi. Fatihu ya tambaya ko za ni danna musu agogo, na ce e.

Daƙiƙa sittin da huɗu. Sanda ba ta faɗi ba.